Maman Tilo Mai Addu'a Da Hannu Ɗaya

Duk wanda ya saba zuwa cocin nan ya san bencin ƙarshe, kusa da ƙofa, na Maman Tilo ne. Ba wanda ya ba ta shi. Ita ta zaɓa, don in ɗanta ya fara ihu a tsakiyar wa'azi ta fice da shi ba sai ta ratsa mutane ba. Ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa, jifan coci kuwa da ido ake yin sa.

Tela ce. Shagonta ɗan ƙarami ne a bakin layi: keken ɗinki na ƙafa, teburin yanka, da wani tsohon gwangwani cike da maɓallai. Rabin yaran da aka yi wa baftisma a cocin ita ta ɗinka musu farar riga, wasu har sun girma sun kawo nasu 'ya'yan. Ɗinkinta ba ya dawowa. In ta ga hannun riga ɗaya ya ɗara ɗaya, ko da faɗin farce ne, sai ta farke ta sake, ko da mai kayan na tsaye a bakin ƙofa yana tsaki.

Tilo shi kaɗai Allah ya ba ta, shi ya sa sunan ya bi shi. Ya haura talatin, ƙato ne har da gemu, amma hankalinsa ya tsaya tun yana ƙaramin yaro. Maganarsa ba ta wuce Mama, ruwa, da a'a ba. Bai san gaban riga da bayanta ba, sai ta riƙa yi masa alama da jan zare a wuyan kowace riga, ta koya masa ja a baya yake zama. Wannan karatun kaɗai ya ci shekaru. Ubansa direba ne. Da ya ga sa'o'in yaron sun shiga makaranta shi ko magana babu, sai ya ce zai je neman aiki mai tsoka. Har yau yana can yana nema, bawan Allah.

Tun da Tilo ya fara tafiya, Maman Tilo ba ta ƙara haɗa tafin hannu biyu a addu'a ba. In ta durƙusa, hannunta na hagu na damƙe da wuyan hannunsa, don in ta sake shi bagadi, teburin ibada da ke gaban coci, zai nufa ya kama wutar kyandir. Ya taɓa yi, ya ƙone yatsu biyu. Da dama take alamar gicciye, da dama take jan carbi tana tura ƙwayoyin da babban yatsa. Har gashin wuyan hannun nasa ya daina fitowa inda take riƙewa.

Matan coci kan tare ta a bakin ƙofa su ce, "Ai Allah ya san wadda zai ba irin wannan kyauta." Takan yi murmushi, a ranta kuwa ta ce, in kyauta ce me ya hana ki roƙa wa kanki? Suna ganin leɓɓanta na motsi suna zaton yabo take, ba su san ƙorafi ba ne, irin na mai sana'a ga mai sana'a.

"Kai ne Mahalicci, ban musa ba," haka take cewa. "Amma ni da nake fama da almakashi mai tsatsa ban taɓa miƙa wa mutum riga ban gama ta ba. Kai ka miƙo mini wannan a haka, ka juya baya."

Daga nan sai roƙonta guda ɗaya, wanda ba ta taɓa faɗa wa ko Fada, limamin cocin, ba: kada ta riga Tilo barin duniya. Ta san abin da roƙon yake nufi sarai, kuma tana jin kunyarsa, amma ba ta fasa ba.

Wata rana da hantsi tana taka keke, sai ta ji kamar an ɗaure mata ƙirji da igiya, ta zame ƙasa. Tana ji tana gani, baki ya ƙi buɗuwa. Tilo ya tsuguna a kanta ya ce, "Mama." Da ya ga ba ta amsa ba, ya jawo gwangwanin, ya buɗe tafin hannunta yana sa mata maɓalli ɗaya bayan ɗaya, domin haka take lallashinsa in yana kuka. Ƙofa a buɗe, mutane na wucewa, bai san a kira kowa ba. Sai da maƙwabciyarta mai gyaran gashi ta leƙo aron almakashi aka san halin da ake ciki.

Likita bai yi mata kwana-kwana ba. Ya ce zuciya ce, za ta sake bugawa, kuma ba sallama za ta yi ba. Ƙaninta ya zo duba ta, ya zauna a bakin gado yana sosa ƙeya. "Yaya, kin dai san gidana, duk 'yan mata ne, ga shi kuma ƙato..." Ta ce masa ya gaida gida.

Fada ne ya kawo maganar gidan da sistocin coci ke kula da irin su Tilo, can a ƙarshen gari. Fadan nan matashi ne, Tilo ma ya girme shi.

"Mama, ki miƙa shi ga wanda ya yi shi," ya ce. "Kafin ki san shi, Allah ya san shi."

"Fada, ya san ba ya cin abinci da zafi? Ya san in aka yi tsawa sai an toshe masa kunne?"

"Ya sani."

"To ina yake duk shekarun nan? Ni dai ban ga hannunsa a wankin zanen gado ba."

Ta jira ya ce mata haƙuri maganin zaman duniya, ta riga ta tanadi amsa. Bai ce ba. Sai ya ce, "Wannan ban sani ba, Mama. Na dai ga hannunki ya gaji." Ta ji haushinsa ƙwarai, don gaskiya ya faɗa.

Ta yi ta jan ƙafa, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Ta daina karɓar ɗinkin mutane, ta duƙufa a kan rigunan Tilo. Ta ɗinka daidai jikinsa, ta ɗinka masu faɗi ko zai ƙara ƙiba, ta ɗinka matsattsu saboda ranar da tsufa zai ramar da shi ba ta nan. Kowace da jan zarenta a wuya. Yana zaune a gefe yana jera maɓallai, bai san kayan rabuwa ake haɗa masa ba.

Ranar da ta kai shi, wata tsohuwar sista mai tabarau ce ta tarbe su. Maman Tilo ta yi ta bayani, na abinci, na tsawa, na kyandir, na jan zare, ta gama ta sake daga farko. Ta riga ta shirya wa ihu. Ta san zai kwanta a ƙasa, zai cafke zanenta, sai maza biyu sun ɓamɓare shi. Ta ja numfashi, ta sake wuyan hannunsa.

Tilo ya dubi hannun nasa a sake, ya dubi sista, sai ya miƙa mata shi. Sista ta riƙe. Suka bi baranda, gwangwaninsa a hammata yana kacau-kacau, ko waiwayowa bai yi ba. Ashe hannu yake bukata, ba dole sai nata ba. Wannan ya fi ihun da ta shirya wa ciwo.

Ba ta koma shago ba, coci ta wuce. Da rana ne, ba kowa sai ƙamshin kyandir da 'yar jar fitilar da ke ci kusa da bagadi. Ga bencina duk a buɗe har gaba, amma ƙafarta ta kai ta na ƙarshe. Tana durƙusawa hannunta na hagu ya tafi da kansa yana lalube, ya taɓa katako.

Ta ce bari dai ta haɗa hannu kamar sauran mutane. Na dama ya miƙe, na hagu ya ƙi. Yatsun sun lanƙwashe daidai kaurin wuyan hannun Tilo, ta danna ta danna, suka koma yadda suke.

"To, ga shi nan na dawo maka da shi," ta ce, da ƙarfi wannan karon, tunda ba mai ji. "Ba wai na yarda da aikin ba ne. Ba ni da wani wurin kai shi sai wurinka. Kai ka yanka, kai ka san abin da ka nufa da shi. Wancan roƙon nawa kuma na janye, ka fara da wanda ka ga dama." Ta dubi bagadi ta ƙara da cewa, "Ja a baya yake zama. Kada ka bari su juya masa."

Ba ta ji sanyi a ranta ba, kuma ba ta yi ƙaryar ta ji ba. Ta yi alamar gicciye da dama kamar kullum, ta bar na hagun a kan benci, a lanƙwashe, yana kallon sama, ba kowa a cikinsa.