Yadda Na Koya wa Mijin 'Yata Haɗa Zobo da Jin

Ni dai aji uku na yi a makaranta, na ukun ma rabinsa a kan bishiyar mangwaro na yi shi. Amma akwai abu guda da na ƙirƙiro da kaina a duniya: zobo da jin, farar barasar nan ta Turawa mai ƙamshin ganye.

Haɗin ba wuya. A tafasa zobo da citta da kanumfari, a tace, a sa zuma, a matse lemun tsami, sai jin ya biyo baya. Lokacin zafi ka jefa ƙanƙara. Lokacin sanyi kuwa, sa'ad da motocin unguwarmu ta Parkchester, a nan ƙasar Turawa, suka nutse cikin farin abin nan, dusar ƙanƙara, ka sha da ɗuminsa kamar shayi. Matata, wadda ke gaba-gaba a zumuntar matan cocinmu, ta yarje mini kofi ɗaya ran Asabar. Ba ta faɗi girman kofin ba, ni ma ban tambaya ba.

'Yata ta auri wani mutumin kirki, haifaffen nan, iyayensa 'yan Jamaika. Aikinsa haɗa wa mutane abin sha a wata mashaya kusa da tashar jirgin ruwa ta St. George. Ashe har makaranta ake shiga don wannan aiki. Da an faɗa mini tun ina yaro, da na sauko daga mangwaron.

To a garinmu mutum ba ya ci ba ya sha a gaban surukinsa. Don haka duk ran da suka zo, da an ajiye abinci sai in ɗauki kwanona in shige ɗaki. Shekara uku ina yi masa wannan karamci.

Wata Laraba 'yar ta kira ni a waya, Hausa kaɗan, Turanci da yawa.

"Baba, ya ce ka tsane shi. Wai da ya zauna sai ka tashi."

"Ba ki gaya masa kunya ce ba?"

"Na faɗa. Ya ce lallashinsa nake yi. Ya ce Kirsimetin bana ba zai zo ba. In kuwa bai zo ba, Baba, ni ma ba zan bar shi shi kaɗai ba."

Ita ke nan gare mu. Sai ta ce dabara ɗaya ta rage: ya daɗe yana son sanin zobon nan, in koya masa.

Ran Asabar da la'asar ya zo da littafi da biro da wasu 'yan kofunan awo na ƙarfe, kamar mai shirin yi wa tukunyar allura.

"Baba, zuma nawa?"

"Daidai."

"Daidai nawa ke nan?"

"Har sai ya yi."

"Ta yaya ake sanin ya yi?"

"A ɗanɗana."

Sai ya ɗebo a cokali ya miƙo mini. Na kalli cokali, cokali ya kalle ni.

Daga falo matata ta ce, "Baban yarinya, ka sha mana, ai ba tuwo ba ne."

"Ke, wannan maganar maza ce."

"Mazan da cokali ya gagara?"

Na karɓa, na buɗe firij, na cusa kaina ciki tsakanin kabeji da robar miya, na ɗanɗana. Zuma ta yi kaɗan. Da na fito sai na tarar yana rubutu. Wai ya zaci cikin haɗin ne, dole sai a wuri mai sanyi ake ɗanɗanawa. Har ya ce dabara ce mai kyau.

Nan na ga in ban yi magana ba, mutumin nan zai je ya cusa kansa cikin firij a gaban masu gidan aikinsa. Na tattaro ɗan Turancin da na tsinta a garejin bas, na ce masa ni da uban matata shekara ashirin muna tare, bai taɓa ganin na haɗiyi ko ruwa ba, ni ma ban ga nasa ba. Ran da ya rasu kuma ni na riƙe kan akwatin har bakin kabari.

Ya ajiye biro. Sai ya cika kofi biyu, ya ba ni ɗaya, ya juya mini baya, ya fuskanci bango. Ni ma na juya na fuskanci tagar. Haka muka sha, ƙeya da ƙeya.

"Baba, citta ta yi yawa."

"Bakinka ne bai girma ba."

Ran Kirsimeti suka zo, shi da ita. Ana ajiye shinkafa, kafin in miƙe ya riga ni. Ya ɗauki kwanonsa cikin ladabi, ya sunkuyar da kai, ya shige ɗakina ya rufe ƙofa. Ɗakin kwana ɗaya ne a gidan.

Na tsaya riƙe da kwano, ban san inda zan nufa ba.

Matata ta ce, "Zauna, malam. An ƙwace maka aikin."

Na zauna kusa da 'yata na ci.