Ranar da aka ce na kaɗa tiya

Duk wanda ya taɓa kai amfanin gona kasuwar ƙauye ya san masu awo iri biyu ne. Wani zai cika tiya, ya yi mata tozo, ya juye a buhu. Wani kuwa sai ya ɗan kaɗa ta kafin ya juye, ƙwayar ta zauna, tiya ta ci fiye da cikinta. Shi ya sa manomi ba ya kallon fuskarka lokacin awo, hannunka yake kallo.

Ni ban gaji rumfa ba, ban gaji jari ba. Da dako na fara a Gaya, har na kai ga sayen gyaɗa da wake ina ajiyewa. Abin da ya sa mutanen ƙauyen Balan suke wuce rumfuna da yawa a kasuwar Ajingi su sauke kaya a gabana, an san tiyata ba ta motsi. Wannan sunan shi ne jarina na gaskiya.

Wata ranar kasuwa da kaka, rana ta take, wani dattijo daga Balan da nake kira Baba ya kawo ɓararriyar gyaɗa. Mun daɗe muna hulɗa, ko farashi ba ma ja sosai. Na tsuguna ina awo yana tsaye a kaina. Ban san daga ina abin ya zo ba. Ƙirjina ya fara bugawa kamar ana daka a ciki, gumi mai sanyi ya keto mini. Hayaniyar kasuwa ta koma can nesa. Na tabbata a raina mutuwa ce ta zo, a nan, a kan tabarmar awo. Amma hannu ya saba da aikinsa, sai ya ci gaba da ɗiba.

"Alhaji," in ji Baba, "wannan kuma yaushe ka koya?"

Da ƙyar na ce, "Me fa, Baba?"

"Kaɗa tiya. Tun ɗazu nake kallonka, ina cewa ko idona ne."

Na dubi hannuna. Rawa yake yi, tiya na rawa da shi, gyaɗa na zama a ciki daidai yadda take zama a hannun macuta. Na buɗe baki in yi bayani, numfashin magana ya ƙi zuwa. Shirun nan nawa shi ya gama da ni, don a kasuwa wanda aka kama ne yake yin shiru. Baba bai ɗaga murya ba. Ya durƙusa ya mayar da gyaɗarsa buhu, har wadda na riga na auna, ya ce, "Allah ya shirye mu." Ya ja kayansa zuwa rumfar maƙwabcina.

Maƙwabcin nan, wanda muka yi shekaru muna tsokanar juna, ya leƙo yana dariya. "Barka da shigowa sahu, Alhaji. Mu ake ta zagi, ashe malaminmu na nan kusa."

Na lallaɓa bayan rumfuna na jingina da katanga ina kalmar shahada, ina jira. Can sai abin ya lafa. Na miƙe garau, ba inda ke mini ciwo. Wannan ya fi ba ni tsoro fiye da bugun ƙirjin. Wace irin mutuwa ce za ta zo har bakin ƙofa ta juya?

Ɗan kasuwa ba ya rasa lissafi. Na ce ƙwayar maganin ƙwarin da muke jefawa a buhunan wake ce ta shige ni, don a makon na daɗe a cikin sito. Na sha madara, na sha manja har zuciyata ta tashi, na bar ƙofar sito a buɗe. Sai abin ya dawo mini a cikin bas a hanyar Kano. Ya sake dawowa a sahun Juma'a, inda babu wake babu magani. Daga nan ba ciwon nake tsoro ba, dawowarsa nake tsoro. Ina ganin tiya sai tafin hannuna ya jiƙe.

Na daina zuwa Ajingi. Wanda ya tambaya a ce masa zazzaɓi ne. Na karɓi rubutu, na ƙara addu'a, ban kuwa daina ba har yau. Amma sai na wayi gari ina wuni a zaure, ba na son sallamar kowa. Tuwo ya koma kamar ƙasa a bakina. Ni da ake ji tun asuba ina faɗan a ɗaure buhu, na zama wanda wanka ma sai an tuna masa. Labari kuma yana iso ni cewa a Balan an ce Alhajin Gaya ya lalace.

Maiɗakina ce ta gaji. Ta tsaya a ƙofar zaure da kwanon da ban taɓa ba.

"Alhaji, buhu in ya huje ka san wajen mai ɗinki. Babur in ya yi tari ka san wajen bakanike. Kai ne kaɗai a gidan nan ba ka da wajen gyara?"

"Me zan ce musu? Ba inda ke mini ciwo."

"Ka ce musu hakan. Ai ba kai za ka ba su amsa ba, su za su ba ka."

A asibiti aka auna jinina, aka duba zuciyata, aka ce lafiya lau. Na fara neman takalmina, don na ɗauka an gama. Likitan, matashi ne da bai wuce sa'an ƙanena ba, ya ce in zauna. Ya tambaye ni ko abin yakan zo da jin cewa yanzu zan mutu, ko yakan wuce da kansa, ko na fara guje wa wuraren da ya same ni. Na tsaya ina kallonsa. Abin da ban faɗa wa ko maiɗakina ba, ga shi yana jero mini kamar yana bayan rumfar nan tare da ni.

"Likita, wa ya gaya maka?"

"Alhaji, ba kai ne na farko a kan kujerar nan ba. Ciwon fargaba ne, ga damuwa ta biyo baya. Jiki ne yake tashin tsoro ba tare da abin tsoro ba. Ana maganinsa."

"Ni? Ni da nake kwana a hanya da kaya ban taɓa jin ɗar ba?"

"Ba ya tambayar jarumta."

Ya tura ni Kano wajen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Kalmar nan ta yi mini nauyi har na kusa fasawa, amma na je. Aka ba ni magani, aka koya mini yadda zan ja numfashi a hankali in abin ya taso, in bar shi ya wuce ba tare da na gudu ba. Ana sa mini rana ina komawa muna magana. Sauƙin bai zo da gudu ba, amma ya zo.

Saura suna. A nan na ga cinikin da ban taɓa gani ba: ko dai in yi shiru a ci gaba da ce mini macuci, ko in faɗi gaskiya wasu su ce na taɓu. Na auna duka biyun. Wanda ya taɓu ana yi masa addu'a, macuci kuwa ko gaisuwarsa ba a so.

Na hau babur na tafi Balan, na sami Baba a ƙofar gida yana gyaran igiya. Na gaya masa komai, har da inda nake zuwa a Kano. Igiyar ta zame daga hannunsa bai ɗauka ba.

"Wato lokacin da nake kwashe gyaɗata, kai kana ganin ranka ne zai fita?"

"Haka nake gani, Baba."

"Inna lillahi. Ni kuwa na bi gari na faɗa." Ya miƙe yana gyara hula. "Tashi. A bakin masallaci na faɗa, a can za ka maimaita, ina tsaye."

Bayan la'asar na tsaya a gaban mutanen da na yi shekaru ina auna guminsu, na faɗa da bakina. Muryata ta yi rawa, ban ɓoye ba. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka yi mini Allah ya ƙara sauƙi. Na kuma ga biyu suna haɗa ido, na san abin da za su faɗa a gida.

Da kasuwa ta zagayo na buɗe rumfa. Ba duka suka dawo ba, akwai waɗanda har yanzu suke gaishe ni daga nesa su wuce. Baba ne ya fara saukewa. Na ce masa in ya fi so ya auna da kansa.

"Ni manomi ne," ya ce. "Yi aikinka. In abin ya taso maka, ka ajiye tiyar, mu jira."