Babban Yatsan Kakan Mai Agogo

Mai Agogo ya yi shekara arba'in da ɗaya a wata 'yar rumfa tsakanin shagon tela da kantin magani. Ba dogo ba ne, ba mai jiki ba ne, ba ya faɗa da kowa. Idonsa na dama ya ɗan fi na hagu ƙanƙanta, saboda matse gilashin duba cikin agogo da yake yi tun yana saurayi. Da wayar hannu ta zo mutane suka daina ɗaura agogo, sai aikinsa ya koma sa batir da sauya maɗauri, sauran yinin kuma korar ƙuda. Bai taɓa kuka da wannan ba. Ƙashin da ya tsaya masa a wuya guda ɗaya ne, wan matarsa.

Wan matar nan tsohon hedimasta ne, har yau kuma Hedimasta ake ce masa, don ya bar makaranta amma makaranta ba ta bar shi ba. Yana iya jero kakanninsa bakwai ba tare da ya ja numfashi ba. Duk ranar da Mai Agogo ya raka matarsa gidan, sai ya jira falo ya cika, sannan ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Ƙanina, har yanzu ba a gano inda aka tsinto ku ba?" A yi dariya. Mai Agogo ma ya yi, irin wadda ba ta wuce haƙori. Shekara talatin da biyar ana haka.

Gaskiya kuwa bai san komai a kan asalinsa ba. Ubansa masinja ne marar magana. Abin da ya bari akwatin ƙarfe ne, a ciki akwai wata tsohuwar takardar fili da aka dangwala wa babban yatsa a ƙasa. Dangwalen yana da farin layi da ya raba shi biyu. Sau ɗaya uban ya taɓa nuna masa ya ce, "Yatsan babana ne. Ƙofa ta datse shi yana yaro, ya warke da tsagi." Daga nan bai ƙara ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Wata Litinin, bayan Hedimasta ya maimaita tambayarsa a gaban jikokin Mai Agogo, mutumin ya rufe rumfa, ya sa takardar da gilashinsa a aljihu, ya nufi ofishin filaye. Aka tura shi ɗakin ƙasa, inda tsofaffin fayil suke jibge har rufi, da fanka ɗaya mai juyawa kamar an tilasta ta. Akawun ɗakin wata mata ce mai mura da ba ta warkewa.

"Baba, me kake nema?"

"Kakana."

"A nan takarda muke ajiyewa, ba mutane ba. Sunansa da shekara?"

"Yatsansa kawai na sani."

Ta dube shi, ta fyace hanci, ta nuna masa tebur.

Rubutun takardun irin na da ne, mai lanƙwasa kamar sawun tsutsa, Mai Agogo bai ɓata lokacinsa a kai ba. Shi mutumin ƙananan abubuwa ne. Ya matse gilashi a ido, ya riƙa ɗaga takarda yana zuwa kai tsaye wurin dangwale. Gilashin agogo kuwa abin da ya kai ƙwayar wake kaɗai yake nunawa, sauran duniya babu ruwansa. Kafin a tashi ya sami yatsa mai tsagi a takarda tara. Ranar Laraba sun kai talatin. Ranar Alhamis sittin da uku.

Ya roƙi Akawu ta karanta masa inda filayen suke kawai, ya zana su a bayan tsohuwar kalanda. Ashe kasuwa ta kakansa ce. Tashar mota ma haka, da rabin titin asibiti. Tafiyarsa ta sauya. Ya tsaya a ƙofar tela ya ce, "Ka ci gaba da ɗinkinka, ba zan tashe ka ba." Tela ya ɗauka zazzaɓi ne. Daga nan Mai Agogo ya aika wa Hedimasta cewa ya tara dangi ranar Asabar, yana tafe da asalinsa a cikin jaka.

Matarsa ta ajiye tsintsiya ta ce, "Maigida, mai fili sittin da uku, yaya aka yi ɗansa ya mutu a ɗakin haya?"

"Manya haka suke. Kyauta ce ta cinye shi."

"To Allah ya sa. Ni dai na san Yaya, in ka faɗi a gabansa ba zai ɗaga ka ba, kujera zai ja ya zauna kallo."

Ranar Juma'a ya koma karɓar kwafin takardun, ya tarar Akawu ta ajiye wani siririn fayil a tebur.

"Baba, na samo maka wasiyyar mai yatsan. Zauna tukuna."

"A tsaye ma zan ji. Karanta, 'yata."

Ta karanta: "Na bar wa ɗana bencina na ƙofar ofishin filaye, da laimata, da gwangwanin tawada. Ya riƙa fitowa da wuri kafin gurgun nan abokin sana'armu ya kama wurin inuwa. Kada ya tambayi mutum ko filin nasa ne, wannan ba aikin shaida ba ne."

Mai Agogo ya ce, "Sai kuma filayen."

"Ta ƙare, Baba."

Ta jawo takarda ɗaya ta ɗora yatsa a saman dangwalen, wurin da gilashi bai taɓa kaiwa ba. An rubuta "shaida". Ta bayyana masa cewa a wancan zamanin ba a karɓar takardar fili sai da shaida, mutane kuwa sukan zo daga nesa ba su san kowa ba. Sai su tarar da wani a bakin ƙofa kan benci, yatsansa a jiƙe, a shirye ya rantse ya san su tun suna rarrafe.

"Kakanka ya fi kowa kasuwa. Dubi waɗannan ukun. Fili ɗaya ne, rana ɗaya, aka sayar wa mutum uku. Duka shi ya shaida."

Sai a lokacin Mai Agogo ya zauna. Ya nemi ruwa. Ya tuna gobe Asabar, ya tuna tabarau ɗin Hedimasta. Don ya rasa inda zai sa idonsa, ya ɗauki takardun ukun ya bi su a hankali da ido biyu, karo na farko. Ya ga lambar filin. Ya ga sunan layin. A ta ukun ya ga sunan mai saye, sunan da ya sha ji Hedimasta yana jerowa cikin kakanninsa a falo. Gidan da ake yi masa dariya a ciki ne.

"'Yata," ya ce, "waɗannan ukun kawai za ki buga mini."

Asabar falo ya cika har bakin ƙofa. Hedimasta ya harɗe a kujerarsa ya ce, "To ƙanina, buɗe jakar mu ga sarautar."

Mai Agogo ya miƙe ya ce, "Babu sarauta, Yaya. Kakana shaidar haya ne. Benci ya bari da laima."

Hedimasta ya yi dariya har ta koma tari, aka bubbuga masa baya. Da ya samu numfashi ya ce, "Ban faɗa ba? Maƙaryacin bakin ofis! Ai duk takardar da yatsan nan ya taɓa, sai dai a kunna wuta da ita."

"Gaskiyarka, Yaya. Ɗaga murya, na baya ba su ji ba."

Hedimasta ya maimaita da ƙarfi. Sannan Mai Agogo ya miƙa masa takardun. Hedimasta ya karanta ta farko, ya karanta ta biyu. A ta uku ya cire tabarau ya goge, ya mayar, rubutun bai sauya ba. Ya dubi rufin falonsa kamar yau ya fara ganin sa.

"Sauran mutum biyun nan," ya ce a hankali, "suna da jikoki?"

"Ban bincika ba tukuna. Amma yanzu na iya bincike."

Hedimasta ya gyara murya. "Jama'a, a yi wa magana adalci. Shaida aiki ne na amana. Mutumin da gari guda ya yarda da yatsansa ba ƙaramin dattijo ba ne. Sauran biyun nan kuskuren akawu ne, amma ta ukun, dubi yadda ya danna ta da zuciya ɗaya. Kai yaro, tashi ka ba kawunka kujera!"

Matar Mai Agogo ta fita tsakar gida da sauri, ta toshe baki da mayafi.

Mai Agogo bai nemi jikokin kowa ba, bai kuma sami ko taku ɗaya na fili ba. Ya koma rumfarsa yana sa batir. Sai dai ya sami abin yi na tsufa. Duk taron dangi, sai ya jira a natsu, ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Allah ya jiƙan kakana, amma fa ya iya ƙarya."

Hedimasta kuma ya buga sanda a ƙasa, jijiyar wuya a tashe: "Kul! Kada ka ƙara zagin marigayi a gidan nan!"