Ranar da Na Ɗauke wa Baba Ruwan Sama

Ko zan manta da komai a rayuwata, ba zan manta da bazarar da na ɗauke wa mahaifina ruwan sama da hannuna ba. Na san za a ce wannan wane irin saɓo ne. A yi haƙuri a biyo ni, ruwan a cikin kwamfuta yake.

A shekarar ne sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Mu a Matameye mun ji a rediyo, muka ce Allah ya sa haka ya fi alheri, muka koma kan abin da ya dame mu, domin damanar da ta wuce ta ƙi, rumbuna sun zama ɗakin kwanan ɓeraye. Na bi sa'o'ina ci-rani Kano, na samu aiki a shagon wani mai gyaran kwamfuta, ina share-share da ɗaukar kaya ina kuma satar kallon hannunsa. Da lokacin dawowa ya yi, kowa ya ɗauro buhun masara, ni kuwa gwanin dabara na rungumo tsohuwar kwamfuta a kwali. Inna ta zagaya ta sau biyu, sannan ta tambaye ni ko dakawa ake yi ko dafawa.

Akwai wani ɗan shago a jikin gidanmu, rufin kwano, babu taga. Nan na kafa ta, na jawo wuta daga gidan maƙwabci, na sa benci biyu, na rataya labule a ƙofa. Wasa ɗaya ne a cikinta, tseren motoci. Hanyar ta ratsa ta tsakanin wasu tuddai kore shar, ciyawa har gefen kwalta, ga bishiyoyi irin waɗanda ba mu san sunansu ba. Idan mota ta kai wata gada, sai hadari ya haɗo, ruwa ya sauko, ka ji shi shaaa a lasifika. Samari suka fara zuwa, musamman 'yan kabu-kabu, masu haya da babur, idan rana ta kore su daga bakin tasha, kuma ɗan abin da suke bari yana sa mu ɗora tukunya.

Matsalar ita ce daidai gadar nan. Da ruwa ya sauko sai na'urar ta fara shaƙewa. Mota ta tsaya cak, ta zabura, ta sake tsayawa, kafin ka ankara ka ci karo da bishiya. Taubashina, wanda shi ma ɗan kabu-kabu ne kuma bakinsa ba ya hutawa, ya sa ni gaba. Kullum sai ya ce ai ita ma kwamfutar yunwar bana ce ta kama ta, in nemo mata dusa. Wata rana ya ce ya ji wani ya buɗe irin wannan wuri a Kance, nasa ba ya tuntuɓe, su can za su koma. Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin fushi, na ce ya tafi mana, wa ya riƙe shi. Amma maganar ta tsaya mini a rai.

Baba manomi ne, ba shi da wata sana'a. Da aka ɗan yi yayyafi a farkon bazarar ya fita ya shuka rabin irin da ya ɓoye, shukar ta fito, rana ta ƙone ta ƙurmus. Abin da ya rage ɗan kaɗan ne a cikin wata tukunya da aka liƙe bakinta, irin geron da ya gada daga mahaifinsa. Tun daga nan Baba ya yi shiru. Ya daina zama majalisa, daga masallaci sai ɗaki, in ka gaishe shi ya amsa da ka.

Wata rana bayan La'asar sai ga shi ya ɗaga labulen shagon. Samari suka ɓoye taba, suka sauke murya. Ya cire takalmi, ya zauna a bencin baya. Washegari ma ya dawo, haka jibi. Ni na ɗauka zuwa yake ya ga yadda ɗansa ya watsar da wahalar rani guda, don haka in ya shigo ba na ko yarda mu haɗa ido.

Ana cikin haka na yi kuskuren danna wani maɓalli, sai ga wani shafi da ban taɓa gani ba, jerin kalmomi, kowace da wurin ƙarawa da ragewa. Duk Ingilishi ne, ni kuwa da Faransanci na yi lakwal, wato makarantar boko, Ingilishin da na tsinto a Kano bai wuce na ciniki ba. Amma na gane cewa nan ne cikin wasan. Ban tsaya wani tunani ba, na bi su ɗaya bayan ɗaya, mai raguwa na kai shi ƙasa, mai kasuwa na kashe. Kai, sai ga mota tana gudu sumul kamar an shafa mata mai! Na kusa yin rawa. Gaskiya na lura tuddan sun yi sanƙo, sama ta yi fari fat, hanyar ta koma kamar ta Ɗan Barto a tsakiyar rani, amma ina ruwana, ba ga gudu ba?

Taubashi ya gwada, ya ce lallai yau an ba ta dusa. Da La'asar Baba ya shigo ya zauna wurinsa. Mota ta kai gada, ta wuce, babu komai. Ya jira aka sake wani tseren, aka sake wuce gadar. Sai na ji muryarsa daga baya, karo na farko a shagon.

"Ina ruwan?"

Na juyo da fara'ata, ina ganin yau zan burge shi. Na ce, "Na cire shi, Baba. Ai shi ke hana motar gudu."

Ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya ce, "To. Nan ma an ɗauke." Ya sa takalminsa ya fita.

Wallahi a lokacin ban fahimci komai ba. Sai da safe Inna ta tare ni a bakin murhu, ta tambaye ni me na yi wa mahaifina. Ta ce jiya da ya shigo ya umarce ta ta fasa tukunyar iri ta daka, a sha fura, tunda ƙasa ba ta da niyyar karɓa. Sannan ta gaya mini abin da ban sani ba. Ashe duk yamman da ya dawo daga shagon, labarin ruwan nan yake ba ta: ta wace kusurwa hadarin ke tasowa, yadda yake sauka a hankali irin mai ratsa ƙasa, har yana mamakin ina masu gonakin wurin da suka bar ciyawa haka babu ko akuya. Wannan ce kaɗai hirar da ta rage a bakinsa. Ta ce ta samu ta lallaɓa shi a bari sai ranar kasuwa, saura kwana biyu, bayan nan ba ta da sauran hujja.

Kunya ta kama ni har na kasa karyawa. Ni ina can ina zargin tsoho da zuwa sa mini ido, ashe shi ko motar ma ba ya gani.

Da gudu na je na mayar da komai yadda yake. Ruwa ya dawo, tuntuɓe ma ya dawo, taubashi ya ce ashe dusar ta kwana ɗaya ce. Na zauna na rasa abin yi. In na bar ruwa samari su gudu, tukunyarmu ta sauka. In na cire, iri ya tafi turmi. Ina zaune sai wata tambaya ta faɗo mini: wai ma wa ya ce ruwan ne mai nauyin? Abubuwa wajen goma sha na kashe a lokaci guda, na ɗora wa ruwa laifi don kawai shi nake gani. Na tuna yadda Baba ke yi in yana son gwada taki ko sabon iri. Ba ya taɓa gona duka, kunya ɗaya yake warewa ya canza mata abu ɗaya, ya bar sauran, sannan ya zuba ido.

Na nemo tsohon littafina na lakwal, na kwafe kalmomin nan duka ko da ban san ma'anarsu ba. Sai in kashe ɗaya tak, in tuƙa daga gada zuwa wata babbar bishiya, in ƙirga sau nawa motar ta yi tuntuɓe, in rubuta a gaban kalmar, in mayar da ita, in kama ta gaba. Na hana kowa shiga da safe. Kuma in faɗi gaskiya, akwai lokacin da na manta da dalilin aikin, daɗin binciken ya ɗauke ni. Kowace kalma da abin da take ɓoye. Wannan ta inuwar bishiyoyi ce. Wannan ta 'yan kallon da ke tsaye gefen hanya suna ɗaga hannu. Wata na kashe ta na yi ta dube-dube ban ga abin da ya canza ba, har yau ban san aikinta ba.

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce ta madubin duba baya. Ɗan ƙaramin abu a saman allo, amma da na kashe shi tuntuɓen ya ragu da kusan rabi. Na yi ta juya abin a kaina har na gano: ashe saboda shi sai na'urar ta zana duniyar sau biyu, ta gaba da ta baya. Sai kuma babban ɓarawon, ƙyallin kwalta. Idan ruwa ya jiƙa hanya, wasan yana sa ta ta riƙa nuna hoton motoci da bishiyoyi kamar madubi, shi ya sa wahalar ke farawa daidai gada. Na kashe wannan na bar ruwan. Mota ta wuce gada, ruwa na zuba, ko gezau. Ashe shi ruwan kansa ba shi da wani nauyi, bawan Allah, sharri na yi masa.

Na ɗan rage kaifin hoton kaɗan yadda ido ba zai damu ba, na cire madubin, na sallami 'yan kallo, na bar ciyawa da hadari a cike. Da na ji jikin na'urar ya yi zafi kamar kaskon waina, na kwance murfinta na hure ta da famfon keke, na ɗora ta a kan bulo biyu don iska ta ratsa. Taubashi ya tuƙa har ƙarshe bai samu abin faɗa ba, sai cewa ya yi madubinsa fa? Na ce a babur ɗinsa ma yaushe rabon da ya ga madubi.

Saura fito da Baba. Da safiyar ranar kasuwa na je ƙofar ɗakinsa na durƙusa. Na ce, "Baba, ruwan nan ya dawo, amma ni ban iya ganewa ba ko ya isa shuka. Ko za ka zo ka duba mana?" Ya kalle ni irin kallon da ake yi wa shashasha. Amma da La'asar sai ga labule ya ɗaga. Da ruwan ya sauko ya matso gaba, ya ce wannan in ya kwana yana yi, ya isa. A daren bai yi zancen turmi ba, Inna kuwa ba ta tuna masa ba. Haka washegari, haka har fiye da mako.

A kwanakin nan hadari yakan haɗo da rana ya watse, har mutane sun gaji da ɗaga kai. Wata yamma muna ciki, zafi kamar ya kashe mu, taubashi na tuƙi, mota ta hau gada, ruwa ya sauko. Can Baba ya ce yau ƙarar ta yi yawa, in rage. Na rage. Ya ce in ƙara ragewa. Na murɗe lasifikar gaba ɗaya har ta mutu.

Ƙarar ba ta tsaya ba. A kan kwanon shagon take.

Babu wanda ya motsa. Ƙamshin ƙasa ya shigo ta ƙarƙashin labule, motar taubashi ta je ta rungumi bishiya bai ko kula ba. Baba ya tashi ya ɗaga labulen, ya miƙa tafin hannunsa waje, ya daɗe a haka. Da ruwan ya tsagaita ya fita ba takalmi, ya tsuguna a gindin katanga, ya tona ƙasa da yatsunsa yana duba inda laimar ta kai. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Je ka ce wa innarka kada ta taɓa tukunyar nan. Ka nemo mini sungumina."

Na juya da sauri don kada samari su ga idona.

Ba na cewa kwamfutata ce ta kawo ruwa, Allah ne ya kawo abinsa a lokacin da ya so. Abin da na sani shi ne, da an daka irin nan ranar kasuwa, da ruwan ya zo ya tarar ba mu da abin sa wa ƙasa. Baba ya rasu shekarun baya, Allah ya jiƙansa, amma har yau geron nan muke shukawa.

Yanzu gyaran kwamfuta ne sana'ata, kuma abu biyu na ɗauka daga wannan bazara. In abu ya lalace, ba na kama wanda ya fi fitowa fili in ce shi ne mai laifi, ɗaya bayan ɗaya nake bi. Sannan duk abin da na ga kamar ba shi da amfani, a na'ura ne ko a gida, kafin in cire shi sai na waiwaya bencin baya na ga ko akwai wanda shi kaɗai ya zo kallo.