Ranar da Mota Ta Ƙi Tashi a Shafa

Shekarun baya, tun ba a fasa hanyar dutsen nan da kuke bi ku hau Ɗa'ifa kafin shayi ya huce ba, na taɓa kai mahaifiyata can shan iska, kuma saura ƙiris in dawo da ita washegari. Lokacin ina tuƙa wata tsohuwar babbar mota tsakanin Makka da Jidda, irin wadda sai an zura mata ƙarfe ta gaba an murɗa sannan ta tashi. A unguwar Misfala cikin Makka aka haife ni, a can na girma. Zafi kam mun saba da juna, amma sanyi a bakin alhazai kawai nake jin labarinsa.

Mahaifiyata da ƙafa ta zo Makka. Shekara bakwai suka yi a hanya ita da mahaifina, su yada zango su yi ƙwadago, su tara guzuri su ƙara gaba. Tun ranar da ta shigo garin, in ban da Arfa lokacin aikin hajji, babu inda ta ƙara zuwa. Ko Jidda na ce ta raka ni ta ga teku, sai ta ce ta gan shi sau ɗaya kuma ya ishe ta. Dalilinta ɗaya ne, ba ta kuma ɓoye shi: tana so ajali ya same ta a Makka, a rufe ta a maƙabartar Ma'ala inda aka rufe mahaifina.

A wata bazara zafi ya kwantar da ita. Ta daina fita da farantin gyaɗar da take sayarwa, ta daina cin abinci, ruwa ma sai an lallaɓa. Wani likita Ba'indiye ya duba ta, ya ja ni gefe ya ce ba magani take nema ba, iska take nema, in ba a hau da ita dutse ba da wuya ta ga ƙarshen watan. Faɗuwa ta zo daidai da zama, don a makon ne maigidana zai kwashi iyalinsa zuwa lambunsa na Shafa, can sama da Ɗa'ifa, kamar yadda masu hali na Makka ke yi duk bazara. Ya ce in taho da ita da ƙanwata, akwai ɗaki a wajen mai gadin lambu.

Kwana uku ina fama da ita. A na huɗu ta ce in matso kusa.

“Ban yi shekara bakwai ina tafiya don a rufe ni a kan wani dutse ba,” in ji ta. “Zan bi ka. Amma duk sa'ar da na ce maka na ji alama, ka sauko da ni, ko ana ruwan wuta. Ka yarda?”

Na ce na yarda, Inna. Ta sa na maimaita a gaban ƙanwata.

Bayan asuba muka tashi, mota ta cika da katifu da tukwane da 'ya'yan maigida. Wuni guda muka yi, rairayi ya riƙe mu sau biyu, daga nan hawa ya fara. Ina tuƙi ina jin iska tana sauyawa a fuskata, kamar an buɗe bakin randa. A gefen hanya mutanen dutse na sayar da inabi da ɓaure a kwanduna, birai sun jeru a kan duwatsu suna kallonmu kamar mu ne abin kallon. Mahaifiyata ba ta dubi ko ɗaya ba. Carbi kawai take ja, jifa-jifa ta tambaye ni nisan da muka yi.

Da magariba muka isa. Matar mai gadi, wata dattijuwa 'yar ƙarama mai kuzari, ta nuna mana ɗaki mai kaurin bango da 'yar taga, da tarin barguna na gashin akuya a lungu. Ni da ƙanwata muka dubi juna muka danne dariya. Wa ke kwana a ɗaki da bazara? Muka yi abin da kowane ɗan Makka zai yi. Na goya mahaifiyata na hau da ita rufin soro, ƙanwata ta yayyafa wa tabarma ruwa, ta jiƙa mayafi ta lulluɓa mata. Dattijuwar na ƙasa tana ta magana tana nuna sama, amma Larabcin mutanen dutse rabi muke kamawa. Muka ɗauka karamci ne, muka yi ta ce mata mun gode. Ni na tafi na kwanta a cikin mota.

Gari bai gama wayewa ba ƙanwata ta bubbuga ƙofar motar tana kuka. Na fito, ban ga komai ba sai fari. Itatuwa sun ɓace, gidan ma da lalube na kai gare shi. Na tarar da mahaifiyata kwance a miƙe, haƙoranta na haɗuwa, na taɓa ƙafafunta na ji kamar dutse.

“Ya waladi, ɗana, lokaci ya yi,” ta ce. “Ƙafafuna sun riga sun tafi, ai daga nan take farawa. Idona ma ya rufe, fari kawai nake gani. Yalla, ɗauke ni.”

“Inna, ni ma farin nake gani.”

“Kar ka yi mini ƙaryar tausayi. Ina alkawarinmu?”

Na tsaya kamar an dasa ni. In na sauka da ita, na mayar da ita cikin zafin da likita ya ce zai kashe ta. In na ƙi kuma ta cika a nan, da wane ido zan dubi kabarinta? Gaskiya ban daɗe ina tunani ba. Alkawari kaya ne, ni kuma a lokacin na yarda mutuwar ce, don ban taɓa jin jikin mai rai da irin wannan sanyin ba. Na sauko da ita ɗakin da muka raina, na ce wa ƙanwata ta haɗa kaya, na ruga wajen mota.

Na zura ƙarfe na murɗa. Shiru. Na sake murɗawa, ta yi tari sau ɗaya ta mutu. Motar da ko a tsakiyar rairayi ba ta taɓa ƙin tashi ba, ranar ta ce ba ta san zancen ba. Na murɗa har tafin hannuna ya sale, na roƙe ta, na zage ta da Hausa na ƙara da Larabci. Ina yi ina kuka, ƙato da ni, ina cewa ya Rabbi kar ta cika ban sauke ta ba. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, na dai san rana ta fito ta same ni a wurin, farin nan ya fara yayewa yana gangarawa kwari. Sai da ƙarfen motar ya ɗumama sannan ta tashi, garau, kamar ba ita ba.

Na koma da gudu in ɗauko ta. Na tarar da ita zaune, an naɗe ta da barguna biyu, kaskon garwashi a gabanta, dattijuwar ta ɗora ƙafafunta a cinya tana murza su da mai. A hannunta akwai ƙwaryar madara mai zafi, ta sha fiye da rabi. Dattijuwar ta dube ni ta girgiza kai, ta faɗi kalma ɗaya wadda wannan karon na fahimta sarai: sanyi. Ashe gajimare ne ya sauko ya kwana a kanmu, mu kuma mun tarbe shi da jiƙaƙƙen mayafi.

Na ce, “Inna, mota ta tashi.”

Ta motsa yatsun ƙafarta. Sannan ta ce, “To kashe ta mana, ana ɓarnar mai. Ka tambayi baiwar Allahn nan ko akwai sauran gurasa.”

Kwana arba'in ta yi a Shafa. Duk zuwan da na yi sai in tarar ta ƙara cika. Ita da dattijuwar ba sa jin yaren juna sosai, amma wuni suke suna hira suna tsinke inabi. Mun kai ta ta ga inda ake dafa ruwan wardi a manyan tukwanen tagulla, mun kai ta kasuwar zuma a cikin gari. Wurin da ta fi so shi ne bakin wani dutse inda ƙasa ke yankewa, ka ga duniya can ƙasa shuɗi-shuɗi. Sai ta sa a nuna mata saitin Makka, ta zauna tana kallo har la'asar.

Ranar saukowa muka tsaya a Sail, inda masu zuwa daga wannan ɓangaren ke ɗaukar harami. Ta yi wanka, ta yi niyyar umra, muka kama hanya. Da duwatsun Makka suka bayyana sai na ji muryarta ta ɗaga da talbiyya. Na juyo na ga hawaye. Ta ce, “Shekara talatin ina zaune a cikinta, har na manta daɗin zuwa.” Daga wannan shekarar ita ke tuna mini in bazara ta kusa. Sau biyar ta ƙara hawa, kullum da sharaɗin nan nata, kullum kuma da bargonta.

A ɗakinta na Misfala ta rasu, da sanyin safiya, bayan ta gama lazimi. A Ma'ala muka rufe ta.

Yanzu jikokina kan kai ni Shafa a mota mai sanyi, su yi ta ɗaukar hoton gajimare. Ni sai in nemi gefe in zauna, kewarta ta cika ni. A rayuwata ban taɓa dagewa kan yi wa mahaifiyata biyayya kamar safiyar nan ba, da dukkan ƙarfina na yi, zuciya ɗaya. Da motar ta tashi a murɗawar farko, da hannuna zan kai ta inda zafi zai ƙarasa ta, kuma da na rayu ina ganin na cika alkawari. Har yau in na tuna haka sai in yi ta istigfari ina godiya, ban san wanne ya kamata in fara ba.