Ruwa na Biyu

Ranar wata Laraba cikin bazarar 1974 jirgin Nguru ya sauke mu a tashar Kano, ni da Babana, ina rungume da ƙullin kayana. Shekarata takwas. Daga tasha muka tako har Fagge, zafin kwalta yana ratso silifas ɗina, muka shiga wani ɗan gida mai zaure da ɗaki biyu da darbejiya a tsakar gida. Gidan yayar Babana ne, Gwaggo Dije. Ta shimfiɗa mana sabuwar tabarma, ta shiga ɗaki ta fito da faranti, a kai tambulan biyu na gilashi cike da zoɓo ja wur, har yana neman komawa baƙi don kauri. Na kurɓa, citta ta kama mini maƙogwaro, kanumfari ya hau hanci, zaƙi ya biyo baya. A raina na ce in dai haka ake sha a gidan nan, zaman ba zai yi wuya ba. Bayan la'asar Baba ya miƙe, ya dafa kaina ya ce, "Saude, ga uwarki nan, ki bi maganarta." Innata tana can Malam Madori tana jinyar da ta ƙi ƙarewa, Gwaggo kuwa mijinta ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba. Shi ne aka ba ta riƙona.

Washegari da rana ta miƙo mini wani kofin silba mai lotsattsen gindi. Zoɓo ne a ciki, amma ya koɗe, kamar ruwan da aka ɗauraye jan zane. Na leƙa, na dubi kabad ɗin da tambulan suka koma, na shanye.

A hankali na gane tsarin. Gwaggo takan dafa ganyen zoɓo da citta da kanumfari da ɓawon abarba, ta tace da farin ƙyalle, ta sa sukari, ta ɗura a kwalabe ta jera su cikin jiƙaƙƙen yashin da ke gindin randa. Wannan shi ne ruwan farko, na baƙi ne, da na maƙwabtan da kan aiko a yi musu na suna ko na buɗa-baki. Sai ta mayar da ganyen tukunya, ta ƙara ruwa, ta sake tafasawa a kan ragowar garwashi, ta jefa ɗan gutsuren mazarƙwaila. Wannan shi ne ruwa na biyu, namu ni da ita. Ganyen da ya saura ma ba a zubarwa. Ko ya shiga miya ya ba ta tsami, ko a miƙa wa akuyar maƙwabta ta kan katanga.

Haka komai yake a gidan. Ƙanzon tuwo a shanya a kan rufin kwano, ranar da hannu ya yi gajarta a jiƙa a yi kwaɗo. Gutsattsarin sabulu a tara a dunƙule su zama guda. Gwangwanin madara ya zama ma'auni, na tumatir ya zama 'yar fitila, buhun fulawa ya zama rigar matashi. Da toka muke goge tukwane, ruwan ɗaurayar kuma ya tafi gindin ramar da ta shuka a bayan madafi. In ta ga na tura ice uku a murhu sai ta zare ɗaya ta yayyafa masa ruwa, tana cewa, "Wannan na jibi ne." Ba ta da yawan magana. In ta idar da salla takan daɗe a kan buzu da carbi, ni kuma ina gindin darbejiya ina carafke ni kaɗai da 'ya'yan tsamiya, ina jiyo gaɗar 'yan matan layi ta bayan katanga. Sau ɗaya na fita, suka yi ta maimaita yadda nake magana irin ta mutanen gabas suna dariya, ban sake ba. A makaranta ma, lokacin tara, inuwar bayan aji nake zama da ɗumamen da Gwaggo ta ƙulle mini. Duk sanda na ji kukan jirgi sai in tsaya da abin da nake yi, ko da Baba a ciki.

Shekarun nan kuwa Kano tana ta cika. An ƙara wa ma'aikata albashi, babura sun cika titi, rediyo mai kaset a kowane shago, gidan da aka kawo firiji yara har leƙe suke zuwa. Mutane suka fara jin kunyar ba baƙo abin da aka dafa a gida, sai lemon kwalba. Gwaggo ko a jikinta. Ranar Asabar takan aike ni kasuwar Sabon Gari in sayo zoɓo da citta, in biya wajen Mama Uce, wata Inyamura mai sayar da abarba, wadda ke tara mana ɓawo a kwando. Takan ɗora mini yanka ɗaya a kai ta ce, "Wannan ba na tukunya ba ne, na bakinki ne." Duk mako wannan maganar nake jira.

Baƙuwarmu ta kullum ita ce Iya Basira, Bayarabiyar maƙwabciyarmu mai rumfar atamfa a Kantin Kwari. Tana da firiji, amma takan ce sanyinsa ba shi da ƙamshi, ta zo ta baje a tabarma a kawo mata tambulan. Wata rana ta kama ni ina kallo, ta ce, "Dije, 'yar nan taki za ta shanye mini zoɓo da ido." Bayan ta tafi na yi ƙarfin hali na ce, "Gwaggo, ni yaushe zan sha mai kaurin?" Ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar shinkafa ba, ta ce, "Ke baƙuwa ce?" Na koma gindin darbejiya na yi kukana a ɓoye. A lissafina na lokacin, ni ba baƙuwa ba ce da za a karrama, ba kuma 'yar cikinta ba ce da za a shagwaɓa.

Ina aji na ƙarshe a firamare Baba ya zo da motar kamfani. Ya sami aikin direba wajen masu gina hanyoyi, ya mayar da iyali Kaduna, Inna ta warke, ya ce lokaci ya yi da zan koma ɗakinmu. Gwaggo ta ce, "To, Allah ya sa albarka," ta ɗaure mini kaya a zanen da na zo da shi, ta rako mu iyakar zaure.

A Kaduna na tarar da firiji da kiret ɗin lemo a bayan ƙofa. Inna ta rungume ni, ta buɗe mini kwalba da hannunta. Ƙannen da aka haifa ba na nan suka laɓe bayanta ana cewa su gai da yayarsu. Kowa yana kyautata mini. Sai dai ba mai aikena, ba mai yi mini faɗa, in na ɗauki tsintsiya Inna ta ce, "Bar shi, ki huta." Wata ya bi wata ina hutawa. Nan na fara jin ƙishin abin nan mai koɗaɗɗen launi, na kuma fara tsoron kada ya zama gidan Fagge ma na rasa shi.

Da aka ba mu dogon hutu bayan shekarata ta farko a sakandare, na roƙi Baba ya sa ni a jirgi. Na yi sallama a zaure. Gwaggo ta fito, ta ɗan rame, ta dube ni da mayafina da takalmina mai igiya, ta ce, "Maraba, maraba da mutanen Kaduna." Ta ɗauko sabuwar tabarma ta shimfiɗa. Na ji ƙarar buɗe kabad. Ta fito da faranti, a kai tambulan, zoɓo ja wur. Ta ajiye a gabana, ta koma gefe ta zauna tana tambayata lafiyar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda take yi wa kowa.

Abin da na shekara da shekaru ina kwaɗayi ke nan a gabana, amma ko ɗaga shi na kasa. Na miƙe na cire mayafi na rataye a igiyar shanya, na shiga madafi. Kofin silba yana nan a ƙusarsa, an goge shi tas, ba ƙura ko kaɗan. Ganyen yana cikin tukunya, da sauran ɗumi. Na ɗebo ruwa a randa na zuba, na durƙusa na tura ice, na shiga hura wuta hayaƙi yana ba ni dalilin hawaye. Inuwar Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa. Sannan ta sunkuyo ta zare ice ɗaya ta yayyafa masa ruwa.

"Saude, ba kya jin magana. Wannan na jibi ne."

Gwaggo Dije ta rasu da daɗewa, Allah ya jiƙanta, gidan kuma ya zama ma'ajiyar dilolin atamfa. Yau ina da firiji, ga gas, ba icen da zan zare. Har yanzu nakan mayar da ganye tukunya, jikokina su leƙa su ce wannan ai ruwa ne, su buɗe lemon roba. Bayan azahar, in gida ya yi shiru, nakan zuba a kofi in zauna ni kaɗai. Yanzu duk inda na je, tambulan ake kawo mini.