Kwanon Ganye a Tabarmar Ƙofar Gida

Ko zan manta da komai na shekarar da na gama sakandare, har da sakamakon jarrabawata, abin da ya faru tsakanin mahaifina da tabarmar ƙofar gidanmu ba zai bar raina ba. Yanzu na yi aure, ina koyarwa a wata firamare a Kankiya, amma har yau in na ga mutum zaune ya kifa kai da rana tsaka, sai gabana ya faɗi. Sai na matsa na ga ƙirjinsa na motsi kafin in iya wucewa.

Ƙauyenmu yana gefen Dudunni ne, ƙasar Kusada. Baba tela ne, da damina kuma ya yi noma kamar kowa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai Uwata. A ƙofar gidanmu magidantan unguwa ke ciyayya. Da an sallame magariba kowa zai fito da kwanonsa, a jera a tabarma gindin dalbejiya, a cinye na wannan a jawo na wancan. Yawancinsu tare aka yi musu kaciya. Wanda ya fi kusa da Baba shi ne maƙwabcinmu da muke kira Baffa, Bafillace mai shanu da ya daɗe da zama gari. Tun ina ƙarama, muryarsa da ta Baba suna tsokanar juna ita ce alamar dare ya fara a gidanmu.

Lokacin ba a daɗe da fita daga fari ba. Mutane sun ci tafasa da yaɗiya har sun gaji da ganinsu. Sai kuma kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, kowa yana son sabuwar riga, keken Baba ba ya hutawa. Ya koma shayi da burodi kullum safe, da madarar gwangwani, sukari kuwa sai cokali ya kusa tsayawa a kofi. In Inna ta yi kwaɗo sai ya ture kwanon ya ce, "Ganyen da na ci a shekarun nan ya ishe ni har kabari."

Inna ce ta fara lura da kiyashi na taruwa inda yake kama ruwa. Ga ƙishirwa da ba ta ƙarewa, ga rama, ga wata ƙaya da ta soke shi a babban yatsan ƙafa, wurin ya ƙi warkewa. Ni na raka shi asibitin Kankiya. Likita ya ce ciwon suga ne. Ban da shayi mai sukari, ban da burodi, ban da fura, tuwo kuwa ɗan dunƙule kamar na hannunsa, da rana kawai. Ya ce ya yawaita ganye da ƙwai da kifi. Ya nuna yatsan ya ce in aka yi wasa, ƙafar ce za ta tafi, bayanta kuma ba a san abin da zai bi ba.

A hanyar dawowa, da muka hango dalbejiyar gidanmu, sai Baba ya juyo ya ce, "Uwata, maganar nan daga ni sai ke sai innarki. Namiji ba ya zama cikin maza ya ce an hana shi tuwo."

Daren farko na ajiye masa miyar kuka da nama, babu tuwo. Ya daɗe yana kallon kwanon, hannunsa a wanke yana ɗiga. "To da mi zan ɗauke ta?" Wannan tambayar ce ta hana ni sukuni. Hannun da ya shekara hamsin yana yanko loma bai san wata hanyar kai abinci baki ba.

A makaranta an taɓa koya mana naɗe nama cikin ganyen kabeji. Kabeji kuwa babu shi a ƙauye da damina, amma kabewar Inna ta haye danga, ganyenta faffaɗa kamar faifai. Na tsinko masu taushi, na ɓare jijiyar da ƙaiƙayin, na turara su a madambaci har suka yi laushi. Na kwaɗa zogale da ƙuli-ƙuli, na yanka ƙwan zabi da albasa, na marmasa busasshen kifi, na riƙa ɗiban cokali guda ina naɗewa daidai girman loma. Na jera su a kwanonsa na tuwo, na rufe da faifai kamar yadda aka saba.

Ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya tsoma a miya, ya kai baki. Ni da Inna muka zuba masa ido. Ya ɗauki na biyu. Sai da ya kusa cinyewa ya ce, "Ashe akuya ma da dalilinta."

Abincin ya karɓe shi. Inda za a ci ne ya zama matsala. Ba zai fita da kwanon ganye ba, don a shekarun nan duk gidan da aka ga ganye ya fito da dare, an san rumbu ya ƙare. Ba zai kuma zauna a tabarma ya naɗe hannu ana ci ba. Sai ya riƙa ɗaukar kwanon tuwo da kansa ya kai waje, ya ce yana da ɗinkin gaggawa, ya dawo ciki ya zauna a buzu bakin ɗakin Inna ya ci ganyensa. Da farko kwanon tuwon na dawowa a sude. Daga baya ya fara dawowa da malmalarsa yadda aka kai ta. Ba sa cin tuwon wanda ba ya zaune.

Katanga ɗaya ce tsakaninsa da su. In aka kwashe da dariya a waje sai ya daina tauna, ya karkata kunne. Wani lokaci in Baffa ya yi wata magana, sai in ji Baba ya ba shi amsa a hankali, shi kaɗai, yana kallon kwano. Ni a lokacin yatsan nake dubawa. Ciwon yana haɗewa, ƙishirwa ta ragu, jikinsa ya fara dawowa, ina ta murna. Da kabewa ta bushe na koma sayo kabeji da salak na 'yan lambu ranar kasuwar Kankiya. Maganarsa da ke raguwa kullum ban ɗauke ta ciwo ba. Matar Baffa da ta kawo nono ta tsegunta wa Inna abin da ake faɗa a waje: wai tela ya yi kuɗi, ɗiyarsa 'yar boko na dafa masa abincin Turawa, ya fi ƙarfin tabarma.

A shekarar Baffa ya sayar da bijimai ya tafi Makka. Da ya dawo unguwa ta cika da baƙi, ana ta dafa shinkafa, ga dabino, ga alkaki da nakiya, ga lemon kwalba da aka ɗauko daga Katsina. Da yammar ranar ya shigo zaurenmu da kansa, da farar jallabiya, ya ɗaga murya yadda za a ji a ciki.

"Tela, in laifi na yi maka, na roƙi Allah gafara a can. Kai kaɗai ka rage."

Baba ya miƙe ya ɗauki hularsa. Na sha gabansa na ce, "Baba, likita fa ya ce..."

"Uwata, shi likitan ba shi da aboki ne?"

Ya wuce. A daren na ji dariyarsa ta tsallako katanga, irin wadda yake yi har da tari, wadda na yi watanni ban ji ba. Na zauna da kwanon ganye a gabana, ban san murna zan yi ko tsoro ba. Har yau in ina kewar Baba, wannan dariyar ce ke fara zuwa mini, alhali ita ce ta kusa kashe shi. Duk kwanakin da aka yi ana barka da sauka, a waje ya ci. Abin da Baffa ya miƙo masa da hannunsa bai mayar ba, kuma bai gaya wa kowa komai ba.

Wata rana bayan azahar ina tsakar gida, sai na lura ƙarar keke ta daɗe da tsayawa. Na leƙa zaure. Yana zaune, kansa kife a kan keken, rigar da yake ɗinkawa tana maƙale a allura. Na kira shi bai amsa ba. Na ɗago kansa, leɓɓansa sun bushe sun tsage, numfashinsa na fita da ƙarfi da wani irin wari mai zaƙi-zaƙi. Ya buɗe ido ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ban san lokacin da na fita ba mayafi ba takalmi, na faɗa gidan Baffa.

Wata motar gyaɗa aka tsayar a bakin hanya. Aka kwantar da Baba a kan buhuna, kansa a cinyata, Baffa na riƙe da ƙafafunsa. Duk ramin da muka faɗa sai kansa ya gangara in tare. Na sa tafina a ƙirjinsa ban ɗauke ba har Kankiya, don ina tsoron in na ɗauke zai tsaya. A cikin motar ne na karya alkawari na gaya wa Baffa komai. Muka yi nisa yana riƙe da ƙafafun Baba. Sannan ya ce, kamar ba da ni yake ba, "Da hannuna na buɗe masa kwalbar."

A asibiti aka sa masa ƙarin ruwa, aka yi ta allura. Da aka cire takalminsa aka ga ciwon yatsan ya dawo, ya yi baƙi, ashe ɓoye mana ya yi. Ya farfaɗo, amma yatsan sai da aka yanke. Ƙafar dai Allah ya bar masa.

Ranar da muka dawo gida, da magariba na turara kabeji, na naɗe, na shimfiɗa buzu bakin ɗakin Inna kamar da. Sai sallamar Baffa daga zaure.

"Uwar tela, miƙo mini kwanon nan."

Na dubi Baba. Bai ce in kai ba, bai ce kar in kai ba. Na kai. Baffa ya karɓa da hannu ɗaya, ya shigo har tsakar gida, ya kama Baba da ɗayan, suka fita yana ɗingishi. Na bi su na laɓe bayan ƙyauren zaure.

Na ji an ɗaga faifai. Can wani tsoho mai sayar da goro ya ce, "Tela, rumbun ne ya ƙone?"

Baffa ya ce, "Wanga abincin alhazai ne. Ku da ba ku hau jirgi ba ina za ku sani?"

"Alhaji, tun jallabiyar ba ta yi datti ba ka fara?"

"To, ban gan shi a Makka ba. Amma shanuna ganye suke ci, wa ya kai su ƙiba cikinku?" Na ji ya tsoma a miya, ya tauna, ya ce a matso masa da yaji.

Sai na ji muryar Baba, a hankali. "Ciwon suga gare ni. An hana ni tuwon dare. Shi ya sa."

"Shi ke nan?" in ji mai goro. "Mu muna nan muna cewa kuɗi ne ya kama ka. Da ka faɗa ai da mun rage zaginka."

Aka fashe da dariya, har da tarin Baba a ciki. Na zame na zauna a ƙasan zauren, na yi kukan da ban samu yi ba tun a mota. Kwanon ya dawo ko ganye ɗaya babu, Baba na mita wai guda nawa suka bar masa. Daga ranar na ninka abin da nake naɗewa. Suka sa doka a tabarma, kwanukan tuwo can nesa da tela, in ya miƙa hannu Baffa ya buge.

Keken bai ƙara gudu kamar da ba, amma ya yi wasu shekaru yana ɗinki, yana cin ganyensa gindin dalbejiya, kafin Allah ya karɓi abinsa. Har yanzu in na je gida nakan turara ganye in naɗe in kai zaure. Baffa ya tsufa, ido ya yi rauni, amma da ya taɓa faifan sai ya ce a gyara, kwanon tela ya iso. Ni kuma in koma bayan ƙyaure in tsaya, ina sauraron dariyar da na san babu tasa a ciki.

Abin da na koya shi ne, mai ciwo ba abin da zai ci kaɗai yake bukata ba, har da waɗanda zai ci tare da su. Ganyen nan ya gyara jikin Baba a cikin gida, amma bai riƙe shi ba sai ranar da aka ɗauki kwanon aka kai tabarma.